Sun Cire Allah Daga Waƙar Kawu

Kawuna ya rasu. Wan mahaifiyata, mai walda a Apo, mazaunin Karmo tun Karmo tana daji ana korar birai daga gona. In kun ga ban fara da kuka ba ku yi mini uzuri, kukan ya zo ya tarar fushi ya riga shi kama kujera. Na ce bari in rubuta mutumin nan yadda yake, tun kafin waɗanda suka fi ni Turanci su gama wanke shi da sabulu su shanya, mu da muka san shi mu zo mu kasa gane shi.

Ranar da labarin ya fita, tsakar gidan nan da akuya ma sai ta yi ribas kafin ta juya, ya ɗauki rabin Abuja. Matan zumunta na cocinmu na Hausa ne suka fara isowa, suka kewaye Mama, matar Kawu, suka zauna a tabarma. Sai kanikawan Apo, da baƙin mai har gwiwar hannu. Akwai wani ƙato a cikinsu da na sha gani yana rungumar injin mota kamar jariri, shi ne ya tsaya a bakin ƙofa yana sharɓar kuka yana cewa, "Yanzu wa zai riƙa zaginmu da waƙa?" Maƙwabcin da suka yi shekaru ba sa gaisawa saboda rigimar kwata, shi ya fi kowa jan majina, har na matso masa da bokiti. Mahaifiyata kuwa ko ɗigon hawaye. Ta leƙa ɗakin wanta, ta ga takalmin aikinsa a bayan ƙofa, ta ce, "To, ya tafi su ƙarasa rigimarsu gaba da gaba." Ba wanda ya tambaye ta shi da wa. Duk Karmo ta san Kawu da Allah yake rigima, tun safe har yamma, kuma da waƙa.

Sai wajen la'asar babban ɗansa ya iso daga Gwarinpa. Taubashina ne, shi ɗan kawu ni ɗan goggo, saboda haka ina da lasisin tsokanarsa har kabari, yau kuma zan tuƙa lasisin nan sai ya yi hayaƙi. Motarsa ta ƙi shiga layinmu, don ita an ƙera ta ne saboda titunan da ke da suna. Ya tako da ƙafa yana ɗage bakin wando kamar mai tsallaka kogi. A bayansa akwai faston cocinsu na Turanci, matashi mai ƙamshi, kwat ɗinsa ko ƙuda ya sauka a kai sai ya zame ya karye. Faston nan ba ya jin Hausa ko ta zo in kashe ka. Ba laifinsa ba ne, ba a nan aka haife shi ba, kuma gaisuwa ya zo da zuciya ɗaya.

Suna zaune sai ga aminin Kawu, wani dattijo Bafulatani da ke kiwo can bayan gari. Ya jingine sanda, ya cire takalmi, ya durƙusa nesa kaɗan da Mama. Ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri. Allah ya raya abin da ya bari." Mama ta ce amin. Mata suka ce, "Allah ya saka da alheri, Malam."

Na ga kunnen fasto ya motsa. Duk Hausar da aka yi tun da ya zauna, kalma ɗaya ya cafke. Ya sunkuya wajen taubashina ya yi masa raɗa da Turanci, amma ni kunnena na direban keke napep ne, ina jin fasinja na gulmata ta cikin hon ɗin tirela. Ya ce, "Ɗan'uwa, Dadi ya karɓi Yesu kuwa kafin ya tafi? Na ji kowa a nan Allah yake kira."

Tambaya ce ta wanda bai sani ba, amsarta kuma ba ta kai tsawon atishawa ba. Cewa kawai za a yi, Fasto, mu Kiristan da muka tashi da Hausa haka muke kiransa, haka yake a Littafi Mai Tsarki namu tun daga shafin farko, da shi aka yi wa kakanninmu baftisma. Shi ke nan. Taubashina ya san wannan sarai. Amma sai ya yi murmushin nan na ma'aikacin banki, ya ce, "Ka san tsofaffinmu, Fasto. Ba su samu koyarwa sosai ba. Za mu gyara."

Za mu gyara. Mutumin da ya tsufa yana gyaran abin da wasu suka fasa, ga shi ko hucewa bai yi ba ɗansa zai tura shi gareji.

Bari in gaya muku wanda za a gyara.

Kawu gajere ne, amma muryarsa ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba. In ya yi atishawa a Apo, a Karmo ake ce masa sannu. Idonsa kullum ja saboda wutar walda, har wani sabon dattijon coci ya taɓa jan shi gefe yana masa nasiha a kan burkutu. Kawu ya saurare shi har ya gama, ya ce, "Dattijo, da burkutu ne da na fi haka fara'a." Ba waliyyi ba ne, kar wani ya ruɗe ku. Yana da riƙo. Yana jifa da sifana. In ka kawo masa salansa ka ce ka san abin da ke damunta, sai ya miƙa maka abin waldar ya ce to bismilla, ya koma ya zauna.

Bai taɓa kiran kansa mawaƙi ba, bai kuma taɓa rubuta ko baiti ɗaya ba. Waƙa tana zo masa ne kamar tari, ba ta sallama. Yana cikin aiki sai ka ji ya fara buga sifana a jikin salansa, to ka san wani ya shiga uku. In ya dawo gida ya rera sau ɗaya, Mama ta cafke. Ran Lahadi matan zumunta sun sa mata tulu da caki, coci ya ɗauka. Kuma shi ba ya waƙar ƙasashen da bai taɓa zuwa ba. Abin da ya taka ranar, shi yake kai wa Allah. In an ɗauke wuta yana tsakiyar aiki:

Masu wuta sun ɗauke, ƙarfe ya huce,
Allah, kai da ba ka sayen man janareto,
Ara mini rana in ƙarasa ƙofar nan.

Ranar da na fara tuƙa keke a Gwarinpa na je da murna in nuna masa, ina jiran albarka. Ga albarkar da na samu, har yau kanikawan Apo da ita suke gaishe ni:

Ɗan ƙanwata ya hau mai ƙafa uku,
Allah, riƙe masa ta huɗun,
Don yaron nan ba ya duba madubi.

Haka yake magana da Allah, ba kamar mai neman aiki a ofis ba, kamar tsohon abokin aikin da suka daɗe a gareji ɗaya. Yana gode masa, yana tsokanarsa, in abu ya ɓaci ya ɗaga kai ya yi masa faɗa a gaban kwastoma. Na taɓa ce masa, "Kawu, wata rana fa tsawa za ta sauko, mu da ke kusa da kai mu za mu ƙone." Ya ce, "Kai da ba ka masa faɗa, ka tabbata ka yarda yana nan?" Na rufe bakina, abin da ba ya faruwa sai an yi husufi.

Shi da dattijon Bafulatanin nan sun tsufa suna musun addini. Dattijon zai kawo kindirmo, Kawu ya sayo burodi, su zauna a kan tsohuwar taya, wannan na jiran wancan ya musulunta, wancan na jiran wannan ya yi baftisma. In za su rabu dattijon ya ce, "Allah ya shirye ka." Kawu ya ce, "Amin, ya fara da kai." Abin da suka saɓa a kai yana da yawa, Kawu kuma bai taɓa sassauta maganar Yesu don a ji daɗi ba. Amma sunan da mutum ke kira in ya shiga wuya, wannan bai taɓa zama abin musu a tsakaninsu ba.

Shekarar da masu rusau suka shigo ɓangarenmu, a gidan Kawu nake, sabon zuwa Abuja. Aka tashi da safe aka ga an shafa jan fenti a bangon kowa, layi biyu sun gitta juna. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san ma'anar zanen: kwashe kayanka. Bacar Kawu, ɗakin katako da kwano da ya haɗa da hannunsa, katafila ta murƙushe ta kamar kwalin ashana. Damina ce. Dattijon ya zo ya kwashi Mama da ƙananan yara ya kai su ruga, suka zauna can suna shan nono har suka yi kumatu. Kawu kuwa ya aro janareto, ya bi tarkace yana tsintar ƙarafan da suka lanƙwashe, yana miƙarwa yana haɗa wa mutane ƙofa da taga. Ya yi wa gwauruwar layin, ya yi wa mai shago, har maƙwabcin rigimar kwata ya yi wa, ba tare da ya ce masa sannu ba. Namu ɗakin shi ne na ƙarshe. Ni da shi da taubashina muka yi ta zama ƙarƙashin leda, sauro na ɗibarmu yana kai wa iyalinsa tsaraba. Da Mama ta dawo ta ga kowa da ƙofa ban da ita, faɗan da ta yi masa, katafila ma da ta ji da ta ja da baya.

A ƙarƙashin ledar nan ya yi waƙar da duk rubutun nan yake a kanta. Waƙar rusau muke ce mata. Ga ta yadda ta fito daga bakinsa, ban taɓa ko wasali ba:

Allah, ga jan fenti a bangona,
Allah, katafila na bakin layina.
Gicciye suka zana, ya ɗan karkace,
Allah, miƙe shi ka sa a ƙirjina.

Allah, kana kallo suka kwashe kwanona,
Allah, ko tari ba ka yi ba, Ubana.
Na yi fushi da kai tun safe har azahar,
Allah, da yamma na dawo, kai ne gatana.

Allah, jikin nan ma baca ce ta kwana,
Allah, ran da ka aiko a rushe ginina,
Kar ka bar ni a titi da katifa a kai,
Allah, buɗe ƙofa, Yesu ya san sunana.

Taubashina yana wurin. Shi ya buga masa galan ɗin ruwa a madadin tulu.

Yaron ya yi karatu, hanya ta buɗe masa, ya koma Gwarinpa, ya koma cocin Turanci. Ba wanda ya ji haushi, Kawu ma har waƙar godiya ya yi. Rigimar ta zo ne wata Kirsimeti da aka gayyace mu cin abinci a gidansa. An zuba shinkafa, aka ce Kawu ya yi addu'a, ya yi da Hausa kamar kullum. Yana cewa amin sai 'yar jikarsa ta tambaya da Turanci, wai me ya sa Kaka yake addu'a irin ta maigadinsu. Yarinya ce, tambaya ta yi. Maimakon ubanta ya amsa mata, sai ya juyo wajen nasa uban ya rage murya.

"Baba, a gaban yara ka riƙa cewa Ubangiji mana. Kalmar nan tana rikita su."

Kawu ya ajiye cokali. "Wace kalma?"

"Ka gane ai."

"Ban gane ba. Faɗe ta."

Taubashina ya kasa. Kawu ya ce, "Da sunan nan na roƙo ka kafin a haife ka. In sunan ba shi da kyau, kai ma sai a mayar da kai inda aka karɓo ka." Ya ɗauki farantinsa ya fita, ya zauna a bencin maigadi ya cinye shinkafarsa tas, don Kawu ba ya haɗa fushi da asarar abinci. Bai sake zama a teburin gidan nan ba. Yana zuwa ganin jikoki, yana kai musu rake, amma a bencin nan yake sauka.

Da ciwo ya kwantar da shi, wata rana da hantsi ina ɓare masa lemo, ya kira Mama ya ce, "Ranar da za ku raka ni, waƙar rusau za ku yi mini. Duka. Kar ki bari su cire inda na yi masa faɗa, ya riga ya ji, ba sabon labari ba ne a wurinsa." Mama ta ce ya yi shiru ya sha lemonsa. Ya ce sai ta ce to. Ta ce to. Abin da ya roƙa ke nan a duk jana'izarsa. Bai ce akwati kaza ba, bai ce a yanka saniya ba.

Ana jibi sujadar bankwana taubashina ya zo Karmo da furogiram, takarda mai sheƙi. A cocinsu na Gwarinpa za a yi, wai Karmo ba wurin fakin ga manyan baƙi. A bangon takardar ga Kawu cikin kwat ɗin da bai taɓa sawa ba, kwamfuta ta ɗinka masa, ta goge jan idon, ta cika masa kumatu, sai ka rantse sanata ne ya mutu. A ciki an rubuta cewa marigayin mutum ne mai sanyin hali, mai ƙarancin magana. Na karanta wa kanikawan Apo, ɗaya ya tambaye ni ko gawa biyu za a yi wa sujada.

Na buɗe shafin waƙa. Baitin fushi babu shi. Sauran biyun kuma, duk inda Kawu ya ce Allah an cire an dasa Ubangiji.

Na ce, "Taubashi, ina Allah?"

Ya ce, "Wace irin tambaya ce wannan a gidan makoki?"

"A waƙar nake nufi. Na duba sama, na duba ƙasa, har bayan hoton na leƙa ko can ya ɓuya."

"Kai matsalarka ke nan, komai wasa. Ba duk ɗaya ba ne? Ubangiji ba shi ba ne?"

"Shi ne, Kawu ma yana cewa Ubangiji in ya ga dama. A nan ne bai ga dama ba. Kuma Allah taku biyu ne, Ubangiji taku huɗu. Ka taɓa ganin an sa wa keke tayar tirela ya tafi?"

"Za su koya."

"Baitin tsakiya fa? Tawada ce ta ƙare?"

"Ba za a tsaya a gaban ogannina da fastocina ana cewa an yi fushi da Mahalicci ba."

Sai ya cire gilashinsa, ya yi magana da muryar da na san shi da ita tun muna yara. "Kai ba ka san abin da nake sha ba. A ofis wasu arne suke ce mini in na juya baya. A coci kuma aboki suke kirana, ba kuma abokin arziki suke nufi ba. Na gaji da bayani. Rana ɗaya ce. Ina so a raka ubana ba tare da wani ya fita yana tambaya ko Kirista ne ba."

Wannan gaskiya ce, ba zan ƙwace masa ita ba. Ni ma ina shan irinta a keke kullum, fasinja ya ji sunana ya ji Hausata ya rasa a wane aljihu zai sa ni. Amma Kawu ya sha wannan tun ba a haife mu ba, a lokutan da suka fi yanzu zafi, bai taɓa canza wa Allah suna don baƙo ya ji daɗin zama ba. Kuma tambayar da taubashina ke tsoro, amsarta na nan a layin ƙarshe na waƙar, da sunan Yesu ɓaro-ɓaro.

Mama tana zaune tana jinmu. Ta ce, "Ya ce a yi ta yadda ya yi ta."

Taubashina ya durƙusa a gabanta. "Mama, Baba ya tafi. Mu ne za mu zauna da mutane."

Mama ta kawar da kai. A wurinmu babban ɗa ke da gawa. Matan zumunta suka karɓi takardar suna juya ta, yawancinsu ma ba karatun suke yi ba. Aka ce musu dai duk inda bakinsu ya saba zuwa, su kauce.

Ranar sujada cocin ya cika. Sanyin na'ura kamar firjin kifi, ga allon talabijin ya fi ɗakin Kawu faɗi, an ɗora hoton sanatan nan a kai. Akwatin na gaba, a buɗe. 'Yan kwayar cocin suka yi waƙoƙinsu na Turanci, kwaya ta waƙa nake nufi ba ta haɗiya ba, ko da yake yadda mai kibod ke kaɗa kai sai da na yi shakka. Fasto ya yi wa'azi mai kyau, ba ni da rigima da shi. Dattijon Bafulatanin bai shiga ba, yana bakin get da sandarsa, ya ce daga nan ma zai ji waƙar abokinsa.

Sai aka kira iyayenmu mata. Suka fito da zani iri ɗaya, aka sa wa Mama kujera a tsakiya, tulunta a cinya. Ta buga. Duk wanda ya fito daga Karmo ya gyara zama.

Ubangiji, ga jan fenti a bangona.

Tun a layin farko tulu ya wuce ya bar maganar a baya, tana binsa da gudu kamar fasinjan da mota ta tashi ba shi. A layi na biyu bakin tsofaffin ya tafi inda ya saba, na matasan ya bi takarda, kalmomin biyu suka yi karo a tsakiya, abin da ya fito ba Hausa ba ne ba Turanci ba, wani abu ne kamar Allabangiji. Wani a baya ya yi dariya ya mayar da ita tari. Suka koma farko. Ta sake watsewa a wuri ɗaya. Mai kibod ya ƙara sauti wai ya rufa musu asiri, ya rufe su gaba ɗaya. Na ga matan nan suna yin shiru ɗaya bayan ɗaya, matan da ke rera waƙar nan ba takarda tun jikokinsu ba su zo duniya ba, suna kallon ƙasa kamar an kama su da sata. Mama ba ta buɗe baki ba tun farko. Ta ɗora tafin hannunta a bakin tulun ta toshe shi. Shi ke nan. Ba a kai ga gicciyen ba, balle a kai ga Yesu. Mai gabatarwa ya karɓi makirfo ya ce a tafa wa iyayenmu mata, aka tafa.

Na yunƙura zan yi abin da zai sa a fitar da ni a sama kamar buhun masara, mahaifiyata ta danne mini gwiwa da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

Daga nan taubashina ya hau ya yi jawabin godiya. Turanci tsaf ba gargada, Dadi kaza, Dadi kaza. Ya gama ya sauko wajen akwatin don a rufe, makirfo na hannunsa bai kashe ba. An shafa wa Kawu hoda, an sa masa kwat na gaske wannan karon, fuskar ba tasa ba ce. Amma hannuwan an bar su a kan ƙirji, kuma ba hodar da za ta rufe tabon walda. Duk ƙunar na nan, wata a kan wata, da farcen da ƙarfe ya fasa bai sake fitowa daidai ba. Taubashina ya tsaya yana kallonsu. Masu rufewa suka ɗaga murfin. Sai muka ji ta kowace sifika a cocin nan, ba da ƙarfi ba, kamar wanda aka taka wa ciki:

"Wayyo Allah. Wayyo Allah, Baba."

Fasto ya ɗago kai. Mama tana kujerar gaba, ba ta ɗaga murya ba, amma makirfon ya ɗauko ta.

"Wa ka kira?"

Ya tsaya da baki a buɗe, hawaye na sauka a kan taye. Ni da ake cewa ko a tawa jana'izar sai na tashi na yi barkwanci, na duba ko'ina ban samu abin dariya ba.

A waje taubashina ya buɗe wa Mama ƙofar motarsa, za a kama hanyar ƙauyenmu a kudancin Kaduna inda za a binne Kawu. Ta wuce kamar ba ta ga mota ba. Dattijon ya tare ta a get, ya ce, "Ban ji an yi ta ba." Ta ce, "Ba a yi ba, Malam." Ta rungumi tulunta ta hau motar gawa, ta zauna a gefen akwatin, ta ce wa direba ya rufe ƙofa ya ɗaga gilas.

Ina kujerar gaba a bas ɗin da ke biye da su. Ba mu fita Gwarinpa ba na hango ta gilashin baya hannunta ya fara tashi yana sauka a kan tulun. Ba ma jin komai sai ƙarar inji. Na san dai duka ta rera masa, har da baitin tsakiya, don bayan mun wuce Bwari akwai inda na ga ta ɗaga kai tana nuna rufin motar da yatsa. Matan da ke bas ɗinmu sun gani, ba wadda ta kama waƙar, suka bar mata mijinta. Ɗansa na can bayanmu cikin motarsa mai sanyi, kujerar da ya buɗe mata ba kowa.

Allah ya hutar da kai, Kawu. Ni dai ban huce ba tukuna.